Wata Uku da Na Hana Ubanka Tuwon Dare

Kai ne ɗana na fari. Tun da na haife ka ban kira sunanka ba, ban kuma taɓa zama na yi doguwar magana da kai ba, don haka aka tashe mu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗan karatun da na samu da girmana a ajin manya ba shi da yawa, amma zai ishi abin da nake son faɗa. Na san abin da gwaggonka Tsahara ta sa maka a kunne tun kana ƙarami, wai uwarka ta kashe ubanka da yunwa alhali rumbu cike da hatsi. Ba ka taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa ce maka ƙarya take yi ba, don ba dukansa ne ƙarya ba. Waɗanda suka san zancen duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ka karanta, ka kuma karanta wa ƙannenka, ko da yake ba uba ɗaya kuke ba.

Sunan ubanka Nomau. Bakina bai taɓa furta shi ba, yau hannuna ya rubuta. Mu uku ne a gidan, a wani ɗan ƙauye da ke gindin dutse, tafiyar hantsi daga Babankatami: shi, da ni, da uwarsa da muke kira Inna. Mahaifinsa da ƙannensa biyu sun mutu shekarar fara, lokacin da mutane suka koma cin anza da tonon gidan tururuwa, saboda haka shi kaɗai ne namijin da ya rage wa Inna. Tsahara kuwa tana aure can wajen Allakaye. Ƙato ne, ɗan kokawa, wanda in kaka ta yi ake zuwa daga ƙauyukan kewaye don a ga ya kama. In ya zauna gaban akushi ba ya magana sai ya ga gindinsa, sannan ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, “Hajo, wanga tuwo ne ko ɗanɗano?” Inna ba ta taɓa hana shi ƙari ba. Takan ce tun yana yaro ya sha yunwar da za ta ishe shi har mutuwa.

Shekarar da nake ba ka labari damina ta yi kyau ƙwarai. Mun cika rumbu biyu, har damman dawa suka rasa wurin shiga muka jibge su bayan ɗaki. Ina da cikinka wata uku. Cikin azumi sai labari ya zo cewa Nasara masu mulkinmu sun shiga yaƙi a ƙasarsu, suna neman soja, kowane gari zai kai samarinsa Madawa a duba su. Ɗaukar soja ba sabon abu ba ne gare mu, amma wannan karon aka ce kwasa za a yi. Mai gari ya aiko cewa sunan ubanka na ciki. Inna ta je ta durƙusa gaban mai gari ta ce ubanka kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ya ce ya sani, amma duk ƙasar nan an san Nomau a filin kokawa, in ya ɓoye shi, shi za a kama. Wasu samari sun tsallaka iyaka sun gudu ƙasar da Ingilishi ke mulki cikin dare. Ubanka ya ce ba ya gudu, don an ga gidajen da ƴaƴansu suka gudu: an fasa rumbunansu, an tafi da tsofaffinsu bariki.

Akwai wani tsoho dangin Inna, ana ce masa Baba Soja, wanda ya je yaƙin Nasara na farko ya dawo da ƙafa ɗaya da tarin da ba ya barinsa. Bayan sallar azumi da kwana biyu ya zo gidanmu, ya sa aka saki tabarmar ƙofa, ya zauna.

“Ni na ga wurin,” in ji shi. “Da yawa munka tahi, ga abin da ya komo, kuna gani. Amma ku ji. Likitan Nasara ba ruwanshi da huska. Tuɓe mutum a kai, a ɗora shi bisa ma'auni, a zagaye ƙirjinshi da igiya. In ka cika, ka tahi. In ba ka cika ba, shi ce ka koma gida. Kai ko yadda kake ɗin nan, ko makaho anka ba igiyar sai shi ɗauke ka.”

Ubanka ya ce, “To mi za ni yi, Baba?”

“Ka rage kanka. Kwana arba'in gare ka kahin su zo.”

Ya tsara mana komai. Da safe ludayi uku na kunu mai ruwa, da rana ɗan ganyen tafasa ba mai, da dare ba komai. Ya ce jiki irin na ubanka yunwa kaɗai ba ta narkar da shi, sai an haɗa da zufa: kullum ya hau dutse ya ɗauko duwatsu a ka, ya kai gona ya jera a bakin kwazazzabo, tun hantsi har la'asar, kowa zai ɗauka gyaran gona yake. Kowane kwana uku ya sha filasko da tsamiya ya wanke ciki. Ya zagaye ƙirjin ubanka da igiya, ya ƙulla, sannan ya yi wani ƙulli can baya da taƙi ɗaya, ya ce nan ake so a kai. Ya ce kada kowa ya sani bayan mu huɗu, ko Tsahara, don in maganar ta kai bariki cewa da gangan ne, kurkuku ne, kuma a ƙarshe a tafi da shi. Da zai tashi ya juyo gare ni.

“Ke ɗiyata, rana ba komi ba ce, aiki na ɗauke hankali. Dare shi ka kada mutum. Uwa ba ta iya hana ɗanta. Ke za ki riƙe tukunya.”

A ranar ubanka ya ciro allon da ya yi karatu da shi yana yaro, ya sa na dafa shi.

“Ki rantse,” ya ce. “Ko na yi kuka, ko na zage ki, ko na ce na sake ki, ko na ce na warware miki, kada ki ba ni.”

Na rantse. Har dariya muka yi, ya ce yau ɗan kokawa ya samu abokin karo a ɗakinsa.

Kwanakin farko da sauƙi, don bai daɗe da fitowa azumi ba. Kowa ya koma cin abinci, shi bai koma ba. Yakan dawo daga dutse, ya yi wanka, ya yi salla, ya shiga ɗaki tun kafin maƙwabta su fara kwasar tuwo, don kada ya ji ƙarar akushi. Amma dare yana da tsawo a lokacin ɗari. Ina kwance ina jin cikinsa na kuka kamar ana tuƙa ruwa a tulu. Ya juya dama, ya juya hagu, ya tashi ya je randa ya sha ruwa har ya cika ciki, ya dawo, kafin jimawa ya sake fita fitsari. Ya ɗaure cikinsa tamau da rawani, yadda ya ce uwarsa ta yi musu shekarar fara. Wani lokaci ya tauna asawaki har ya zama zare. Ni kuwa dole in ci saboda kai. Nakan ɓuya bayan rumbu in ci a tsaye, da sauri kamar ɓarauniya, in wanke hannu da toka. Duk da haka in na kwanta sai ya lalubo hannuna ya kai hancinsa.

“Miyar kuka ce yau?”

“I.”

“Kin sa daddawa da yawa. Madalla. Ki riƙa ci, ku biyu ne.”

Ya riƙe hannun har barci ya ɗauke shi, in ya ɗauke shi.

Kwana arba'in suka cika. Ranar Juma'a Baba Soja ya zo ya auna, igiya ta kai ƙulli na biyu, har da ɗan saura. Muka yi hamdala. Washegari ɗan aiken mai gari ya zagaya gida gida yana cewa an ɗaga ranar, likita ya yi wani wajen, ba za a kai samari Madawa ba sai bayan sallar layya. Wannan ita ce ranar da nake komawa kullum a zuciyata. Na ce a bar shi ya ci na mako guda ya samu ƙarfi, sannan a koma. Baba Soja ya ce jiki irin wannan kwana goma ya ishe shi ya dawo yadda yake, kuma ba wanda ya san ko gobe za a sake shawara a ce a fito. Inna tana ta juya mazari ba zare a jikinsa. Ubanka ya daɗe yana kallon ƙasa.

“In na ci yanzu ba ni iya sake bari,” ya ce. “Na san kaina. A ci gaba.”

Ban ƙara magana ba. Da na yi gardama, da na yi kuka, da wataƙila sun ji. Amma ni ce ƙarama a cikinsu, kuma ina tsoron in zama wadda ta sa aka tafi da shi.

Daga nan mutumin da na sani ya fara ɓacewa. Ya daina wasa. Abu kaɗan sai ya yi faɗa, sannan ya zauna kamar bai san abin da ya faɗa ba. Duwatsun da yake ɗauka suka yi ta ƙanƙancewa, har ya koma hawa dutsen hannu wofi ya sauko, yana hutawa sau uku a hanya, amma bai yarda ya bar hawan ba. Sanyi ya kama shi, ko da rana yana cikin bargo. Maƙwabta suka fara zuwa gaishe da mai jiki, ana kawo rubutu da saiwoyi, muna karɓa muna godiya. A cikin kwanakin nan ne Tsahara ta zo. Ta ga ɗan'uwanta ƙashi da fata, ta gan ni da ciki, kumatuna a cike. Ta ga ina kwashe tuwo in kai ɗakin Inna in ja ƙyaure. Ta zo masa da gumba a ƙwarya, irin wadda yake so, ta miƙa masa ba tare da na sani ba. Na shigo na ishe ya ɗebo, hannunsa na kan hanyar baki. Na kama hannun, na kakkaɓe, na ɗauke ƙwaryar.

Tsahara ta miƙe. “Inna, kina gani? Wagga yarinya mi take yi wa ɗanki?”

Inna ta ce, “Ciwon nashi ba ya son abinci mai nauyi.”

“Wane ciwo ne wanga da mai shi ka kallon gumba yana hawaye?”

Ta koma gidan mijinta washegari ba ta yi mini sallama ba. Ban ga laifinta ba, har yau. Abin da idonta ya gani ta faɗa.

Sai sallar layya ta zo. Ka san yadda ake yi a ƙasarmu: a feɗe raguna, a tsire su a itace, a jera kewaye da wuta tun azahar har dare, garin duka ya cika da ƙanshin kitse. Mu ma mun yanka, don gidan da ya cika rumbu biyu in bai yanka ba sai a yi tambaya. Na soya kayan ciki, na zuba a tukunya, na kai ɗakin Inna, na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofar na kwanta. Can cikin dare na ji motsi. Ubanka ne, da rarrafe ya zo, don ƙafafunsa ba su ɗaukarsa in ya tashi daga kwance. Ya tsaya a kaina yana numfashi.

“Hajo. Yanka ɗaya.”

Na ce, “Koma ka kwanta.”

“Ɗaya tak. In tsotsa in tohar. Wallahi ba ni haɗiyewa.”

“Ka sa na rantse.”

“Na warware miki. Ni na ɗaure, ni na warware.”

“Ka ce ko ka warware kada in yarda.”

Sannan ya fara magana ƙasa ƙasa, ba da ni yake ba sosai. Ya ce shekarar fara ƙanensa ƙarami ya kwana yana kiran hura, har muryarsa ta ƙare, shi yana kwance kusa da shi ya toshe kunne. Ya ce tun daga ranar ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara kwana da yunwa ba in dai yana da hannun noma. Ya ce gara sojan, soja ana ba shi abinci kafin a kashe shi. Ya kama ƙafata da hannu biyu yana kuka, ƙato irin wannan, hannuwan ba nauyi kamar na tsohuwa. Tukunyar tana bayana, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Na san Inna ba barci take ba, na ji numfashinta ya sake. Na jira ta ce in ba shi. Ina jin ita ma jira take in ba shi ba tare da ta ce ba. Ba ta ce ba, ban ba shi ba. Ya saki ƙafata, ya ja jiki ya kwanta a tsakar gida cikin sanyi, na kai masa bargo ya ture. Daga wannan dare bai ƙara roƙona ba, bai kuma ƙara neman hannuna ba.

Bayan salla da kamar mako biyu aka ce samari su fito. A kan jaki aka kai shi, Baba Soja a kan wani, sai kusa da Madawa ya sauka ya taka. Cikin waɗanda aka tafi da su har da Illa, abokin kokawarsa tun suna yara. Kwana uku muna kallon hanya. Ranar na uku da la'asar muka hangi jakuna biyu. Baba Soja tun bai sauka ba ya fara dariya yana tari.

“Likita ya ce shi koma gida! Ko igiyar bai sa mishi ba. Kallo ɗaya ya yi mishi ya kaɗa hannu.”

Ya faɗa da murna, mu ma da murna muka ji. Sai daga baya na gane ma'anar maganar, cewa mun wuce inda ake bukata da nisa. An ɗauki Illa da wasu samari na garinmu, ana kuka a gidajensu, don haka ba mu yi guɗa ba. Muka saki tabarmar ƙofa. Na fito da naman layya da na ajiye masa cikin kitse, na tuƙa tuwon hatsi na malale shi da man shanu, na dama hura da nono mai kauri. Baba Soja ya koya mana yadda ake hana mutum abinci, bai koya mana yadda ake mayar masa ba. Inna ta sani, don ta ga waɗanda suka tsira daga yunwar fara suka mutu ranar da suka ci sabon hatsi. Har ta buɗe baki ta ce ko a fara da kunu. Sai ta dubi ɗanta, ta dubi akushin.

“Kai, a'a,” ta ce. “Waccan yunwar Allah ce. Wagga mu munka yi ta da hannunmu, ga rumbu cike, ba yunwar gaske ba ce. Ba shi, Hajo. Ba shi duka.”

Ni ma haka na ɗauka. Na ɗauka abin da muka ɗaure da kanmu, da kanmu za mu kwance shi a yini ɗaya. Kuma ina son in biya shi daren layya. Na zauna gabansa ina tura masa akushi, in ya tsaya in ce ƙara. Ya ci ranar, ya ci washegari, safe da rana da dare. Rana ta uku ƙafafunsa suka kumbura, muka yi murna, muka ce jiki ne ke dawowa. Rana ta huɗu hannuwansa suka fara rawa, numfashi ya yi masa wuya, in ka sa hannu a ƙirjinsa zuciyar na bugawa kamar tsuntsun da aka kama. Ban gane ba. Na ce rashin ƙarfi ne, na sake dama hura, na tallafi kansa na kai masa ludayi. Ya kau da baki.

“Na ƙoshi, Hajo. Ɗauke.”

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Ya rasu washegari bayan azahar.

A zaman makoki Tsahara ta faɗi abin da ta faɗa a gaban mata, da sunana. Na dubi Inna, Inna ta sunkuyar da kai. A lokacin tsoron bariki ne, don in gaskiya ta fito har mai gari sai ta shafa. Na haife ka kafin ruwan farko. Baba Soja bai ƙara taka gidanmu ba.

Hatsi ya fara fitar da kai, wata rana da hantsi muka ji guɗa daga bakin gari. Illa ne da sauran samarin suka dawo, a ƙasa, da takalman soja rataye a wuya. Yaƙin ya juye wa Nasara can ƙasarsu, aka sallame su. Ko teku ba su gani ba, a bariki suka yi watannin suna koyon tafiya. Ba wanda ya rasa ko ɗan yatsa. Da la'asar Illa ya zo gaisuwa, don a hanya ya ji. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika. Ya durƙusa a ƙofar Inna ya yi addu'a, ya ce ranar da ya ga Nomau a Madawa bai gane shi ba sai da ya yi magana. Ina zaune gefe kana bayana. Inna ta daɗe tana kallonsa, tun daga kai har ƙafa.

“Illa,” ta ce, “ana ba ku abinci can?”

“Ana ba mu, Inna. Sau biyu a yini. Wata rana har da nama.”

“Sau biyu,” in ji ta.

Illa ya tashi ya tafi. Da magariba ta kira ni ɗakinta, ta karɓe ka ta ɗora a cinya, ba ta dube ni ba.

“Wanga yaro kada shi ji,” ta ce. “Bar su su ce abin da sunka ga dama. Kada shi san ubanshi don banza ya tahi.”

Na ce to. Da aka yaye ka dangin ubanka suka karɓe ka, na koma gidanmu, daga baya na yi wani aure. Da Inna ta rasu ka koma hannun Tsahara, ina ji ina gani kana girma da labarin da aka ba ka, in mun haɗu a biki ko makoki ka gaishe ni kamar yadda ake gaishe da baƙuwa. Na riƙe wa Inna maganarta duk shekarun nan. Allah ya jiƙan ta, ya jiƙan shi, ya jiƙan Tsahara. Ni na hana shi, ni na ba shi. Ka yi mini hukuncin da ka ga ya dace, amma yanzu ka ji.